Martani: Kada a Ɗaure Lafiyar Mutum da Igiyar Wurin Aikinsa

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da dogon sharhi a wannan fili kan yadda Amurkawa ke biyan kuɗin asibiti. Matsayarsa ita ce, tsarin da kamfani ke saya wa ma'aikacinsa inshorar lafiya ya fi tsarin da ake tara kuɗin kowa a asusu ɗaya, hukuma ta riƙa biyan asibiti a madadin kowa. Ya ce kamfani yana ɗauke wa ma'aikaci nauyi, ya ce gasa tsakanin kamfanonin inshora tana ba mutum zaɓi, ya kawo dogon layin da marasa lafiya ke bi a Kanada da Birtaniya, sannan ya rufe da shawarar cewa mu ma a nan Najeriya mu ƙara dogara da hanyar wurin aiki. Na karanta rubutun da natsuwa, kuma ina girmama mai shi. Amma ban yarda da shi ba, kuma shawarar da ya rufe da ita ce ta hana ni yin shiru.

Abu guda ba na jayayya da shi a kai. Amurka tana da asibitoci da likitocin da duniya ke tururuwa zuwa wurinsu, irin su Mayo Clinic da Johns Hopkins, kuma mai inshora mai kyau yana samun kulawar da ba kowace ƙasa ce ke iya bayarwa ba. Sai dai muhawarar ba a kan ƙwarewar likita take ba. A kan wanda ke biya take, da wanda ke riƙe da makullin ƙofar, da wanda ake bari a waje.

Malam marubucin ya yi magana kamar wasu masana ne suka zauna suka auna, suka ga hanyar kamfani ta fi, suka zaɓa wa Amurka ita. Tarihi bai ce haka ba. A 1929 wani asibitin jami'a a birnin Dallas ya yi yarjejeniya da malaman makaranta cewa kowa ya biya dala 6 a shekara, a ba shi gado har kwana 21 idan ya kwanta. Daga nan inshorar Blue Cross ta samo asali, kuma a lokacin abin bai taka kara ya karya ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da shi tsarin ƙasa. A 1942 gwamnati ta ɗaure albashi don kada farashin kaya ya haukace, ga shi samari sun tafi fagen daga, masana'antu suna rububin 'yan ma'aikatan da suka rage. Tunda an hana su ƙarin albashi, sai suka koma jan hankalin mutane da inshorar lafiya, hukumar ƙwadago ta lokacin yaƙi kuma ta ce wannan ba ya cikin albashin da aka ɗaure. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa kuɗin da kamfani ya zuba wa ma'aikaci a inshora ba a cire masa haraji. Shi ke nan, dabarar da aka yi don tsallake wata doka ta wucin gadi ta zama ginshiƙin lafiyar mutane sama da miliyan 150 a yau. A tsakanin nan, cikin Nuwamba 1945, Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta kafa inshorar ƙasa ga kowa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kashe maƙudan kuɗi tana yi wa shirin fentin gurguzu har ya mutu. Duk wanda zai kare wannan tsari ya kare shi da sakamakonsa, kada ya ce hikimar magabata ce.

Mu zo kan babbar hujjarsa, wai kamfani ke biya. A shekarar 2024, binciken da cibiyar KFF ke yi duk shekara ya nuna matsakaicin kuɗin inshorar iyali ɗaya ta hanyar wurin aiki ya kai dala 25,572. A ciki, ana yankar dala 6,296 kai tsaye daga albashin ma'aikaci, saura kuma a rubuta cewa kamfani ne ya biya. To daga wace taska kamfanin ya ɗebo? Mai kamfani idan zai ɗauki mutum aiki, lissafin da yake yi shi ne nawa wannan mutumin zai ci masa gaba ɗaya, albashi da inshora da komai. Abin da ya tafi wurin inshora ya fita ne daga abin da zai shiga aljihun ma'aikacin. A wannan gaɓa masana tattalin arziki na ɓangaren dama da na hagu kusan bakinsu ɗaya. Shi ya sa shekaru da yawa kuɗin inshora ke tashi da gudu, albashin ƙananan ma'aikata yana rarrafe. Gumin ma'aikaci ne ake biya da shi, godiyar kuma ta tafi ga ubangida: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ko bayan wannan duka ba a gama da aljihunsa ba. Yawancin waɗannan inshorori suna da wani adadi da dole mutum ya fara kashewa da kansa a kowace shekara kafin kamfanin inshora ya sa hannu, kuma a 2024 matsakaicinsa ga mutum ɗaya ya kusa dala 1,800. Ga mai shara a ofis ko mai jera kaya a kanti, wannan kuɗi ne da ke sa a ji ciwon ƙirji a ce bari a ga gobe. Shi kuma rangwamen harajin nan na 1954, wanda ke cin baitulmalin Amurka ɗaruruwan biliyoyin daloli duk shekara, mai babban albashi ya fi morar sa, domin shi ne harajinsa ke da yawa. Wanda ke aikin yini, ko ƙaramin shagon da ba ya ba da inshora, ba ya samun ko sisi daga cikinsa.

Amma inda na fi so Malam ya tsaya ya duba shi ne ranar da aiki ya ƙare. A ɗauki magidanci ɗan shekara 52 da ke aiki a masana'antar kayan mota a jihar Ohio, matarsa tana fama da ciwon suga, kullum sai an yi mata allurar insulin. Ranar Juma'a aka kira shi ofis aka ce an rage ma'aikata. Kafin ya gama lissafin kuɗin haya, sai ga wasiƙa ta iso, tana sanar da shi cewa bisa wata doka da ake kira COBRA yana da damar ci gaba da inshorarsa har wata 18, da sharaɗin ya biya kuɗin gaba ɗaya, nasa da wanda kamfani ke zubawa, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Wato sama da dala 2,000 a wata, daga mutumin da albashinsa ya tsaya a makon nan. Zai iya neman wata inshorar a kasuwar da dokar Obama ta 2010 ta buɗe, wataƙila ya samu tallafi, amma sabon kati yana nufin sabon jerin likitocin da aka yarda ya gani, kuma ba lalle likitan da ya san ciwon matarsa shekara goma yana ciki ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne idan shi kansa ne ya kamu da cutar da ta hana shi zuwa aiki. Ciwon ya raba shi da aiki, rashin aikin ya raba shi da magani. Tsarin yana riƙe da kai muddin kana da ƙarfi, ya sake ka a ranar da ka fi bukatarsa.

Wannan ba zato ba ne. A watan Afrilun 2020 kaɗai, da annobar korona ta rufe ƙasar, sama da mutum miliyan 20 suka rasa aiki a Amurka. A tsakiyar annoba, lokacin da hankali ke cewa kowa ya samu damar ganin likita don kare kansa da maƙwabcinsa, miliyoyi suna fargabar ko katinsu zai kai ƙarshen wata. A Kanada ma mutane sun rasa aiki a wannan watan, amma babu wanda ya rasa damar ganin likita saboda haka. Kafin nan, a Satumban 2019, ma'aikatan General Motors kusan dubu 48 sun shiga yajin aiki. Cikin kwanakin farko kamfanin ya sanar da daina biyan inshorarsu, sai da aka yi ca a kansa ya janye. Ina so mai karatu ya tsaya a nan. Mutum yana neman haƙƙinsa, aka nuna masa cewa maganin ɗansa yana hannun wanda yake jayayya da shi. Wace irin tattaunawa za a yi a haka?

Shi ya sa maganar zaɓi da Malam ya yi ta ba ni mamaki. Ma'aikaci ba ya zaɓar kamfanin inshorarsa. Ofishin kula da ma'aikata ke zaɓa, a miƙo masa tsari ɗaya ko biyu ko uku. Baɗi idan an sami mai rahusa a sauya, ba a tambaye shi ba. Kamfanin inshorar kuma shi ke da jerin asibitocin da za ka je, kuma sau da yawa sai likitanka ya nemi izininsa kafin ya yi maka wani aiki ko ya rubuta wani magani. Akwai ma wani zaɓin da tsarin ke ƙwace wa mutum gaba ɗaya, wato zaɓin barin aiki. Amurkawa sun daɗe da sanin wannan matsala, har masana sun yi ta bincike a kai: mutumin da ke da basira da ɗan jarin buɗe sana'arsa amma ya kasa motsi saboda 'yarsa tana da ciwon asma, matar da ke haƙuri da shugaban da ke wulaƙanta ta saboda mijinta yana jinyar daji, dattijon da jikinsa ya gaji amma yake jan ƙafa har ya cika 65 ya samu inshorar gwamnati. A Kanada kuwa, inda marubucin ya ce babu 'yanci, da katin lardinka za ka je wurin duk likitan da ke karɓar marasa lafiya, ka bar aiki yau ka buɗe shago gobe, katin yana nan a aljihunka.

Gasa kuma, da a ce tana sauke farashi da an gani. Cibiyar bincike ta RAND ta duba abin da inshorar wurin aiki ke biyan asibitoci a 2022, ta tarar ya kai kashi 254 cikin 100 na abin da shirin gwamnati na Medicare ke biya kan aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai saye ɗaya babba yana iya cewa ga farashina, asibiti ya saurare shi. Masu saye ɗari da suka rarrabu, kowa da 'yan mutanensa, asibitin da ya mamaye gari shi ke yanka musu farashi. Ga kuma ɗawainiyar takardu: kowane kamfanin inshora da fom ɗinsa da ƙa'idarsa, har asibitoci suna ɗaukar rundunar ma'aikata da ba su da aiki sai rubuta takardar neman biya da bin wadda aka ƙi biya. Dokar 2010 da kanta ta yarje wa kamfanonin inshora su riƙe kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin da suka karɓa don gudanarwa da riba. Su kansu manyan kamfanoni abin ya ishe su. A 2018 Amazon da Berkshire Hathaway da bankin JPMorgan suka haɗa kai suka kafa wani kamfani, wanda daga baya aka sa wa suna Haven, don sauke kuɗin lafiyar ma'aikatansu. A 2021 suka rufe shi. Idan masu irin wannan ƙarfi sun gwada sun bari, ina mai gidan burodi da ma'aikata sittin zai sa kansa?

Idan aka haɗa lissafin, a 2023 Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 kan lafiya, wato kashi 17.6 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikinta ya samar. Kanada tana kashe wajen kashi 12, kuma idan aka raba kan kowane mutum, kusan rabin na Amurka ne. Duk da haka a wannan shekarar mutum miliyan 26 a Amurka ba su da kowace irin inshora, bashin asibiti da ke kan jama'a an ƙiyasta ya kai aƙalla dala biliyan 220, matsakaicin tsawon rai kuma shekara 78.4 ne, alhali na Kanada ya haura 81. Ba zan ce inshora kaɗai ta jawo wannan tazara ba. Akwai bindiga, da miyagun ƙwayoyi, da haɗarin mota, da irin abincin da ake ci. Amma wanda ya biya ninki biyu yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya saya.

Yanzu batun layi, wanda shi ne hujjar Malam mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwana ba. Gaskiya ne a Kanada mutum yakan jira watanni kafin a sauya masa ƙugu ko gwiwa, kuma mutane da yawa ba su da likitan iyali na dindindin. Gaskiya ne a Ingila jerin masu jiran aiki a asibiti ya haura miliyan 7 a 2023. Waɗannan aibobi ne na gaske, 'yan ƙasashen ma suna kuka da su. Amma akwai abu biyu da ya haɗe su wuri ɗaya alhali daban suke. A Birtaniya, tun da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa ranar 5 ga Yuli 1948 a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, gwamnati ce ke da yawancin asibitocin. A Kanada kuwa yawancin likitoci masu zaman kansu ne, asusun lardi ne kawai ke biyan su. Tsarin asusu ɗaya magana ce ta wanda ke biya, ba lalle sai gwamnati ta mallaki asibiti ba. Layin kuma yana zuwa ne daga ƙarancin gadaje da likitoci da kuɗin da 'yan siyasa suka ware, ba daga kasancewar mai biya guda ɗaya ne ba.

Taiwan ce shaida. Kafin 1995 tana da inshorori daban-daban da aka ɗaure da sana'a, na ma'aikatan gwamnati daban, na 'yan ƙwadago daban, na manoma daban, kusan kashi 40 cikin 100 na jama'a kuma ba su da komai, yawancinsu yara da tsofaffi. A watan Maris na 1995 aka narkar da su cikin asusu ɗaya. Yau kusan kowa yana ciki, da kati ɗaya mai ɗauke da bayanan jinyarsa, yawancin asibitoci masu zaman kansu ne, kuma ba a san ƙasar da dogon jira ba. Kukan da ake yi a can shi ne likita ba ya daɗewa da mara lafiya. Abin lura, kamfanoni a Taiwan har yanzu suna zuba kasonsu. Bambancin shi ne suna zubawa ne a asusun kowa da kowa, ba su ke riƙe da katin ba. Ko Jamus da ake yawan kawowa a matsayin misalin inshorar ma'aikata tun zamanin Bismarck a 1883, asusunta ba mallakar kamfanin da kake wa aiki ba ne, ba don riba aka kafa shi ba, kuma wanda aka sallama daga aiki ba ya rasa inshorarsa.

Sannan ita ma Amurka tana da layinta, sai dai ba a rubuta shi a kan allo. Wanda ya ƙi zuwa asibiti don tsoron takardar biya, wanda ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai ƙarshen wata, wanda ke rage allurar insulin, duk jira suke yi, babu dai mai ƙirga su. A Kanada likita ne ke duba wanda ciwonsa ya fi tsanani ya sa shi gaba. A Amurka sau da yawa nauyin aljihu ne ke jera mutane. Idan dole sai an yi layi, ni na zaɓi na farko, kuma ina tsammanin duk wanda ya taɓa riƙe mara lafiya a hannunsa zai zaɓi shi.

Haraji fa? Zai ƙaru, babu ko shakka, kuma duk mai goyon bayan asusu ɗaya da ya ɓoye wannan bai yi wa mutane adalci ba. Jihar Vermont ta ɗauki hanyar kafa irin wannan tsari, amma a ƙarshen 2014 gwamna Peter Shumlin ya janye da ya ga sai an ɗora wa kamfanoni harajin kashi 11.5 cikin 100 na albashin da suke biya. Sauyin yana da wuya, musamman ga jiha ɗaya tilo. Amma iyalin da ake kashe dala dubu 25 a kansu duk shekara daga guminsu sun riga suna biyan wani abu da ba su da ikon ƙin biya, sunansa ne kawai ba haraji ba. Bambancin ma shi ne, haraji yana bin ƙarfin samun mutum, shi kuwa kuɗin inshorar kamfani kusan ɗaya ne ga direba da manajan da yake tuƙawa. Tambayar da ta dace ita ce nawa ke fita daga gidan mutum gaba ɗaya a shekara, kuma me yake samu.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne Amurka da kanta ta riga ta amsa tambayar ga wani rukuni na mutanenta. Ranar 30 ga Yuli 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar Medicare a garin Independence na jihar Missouri, ya miƙa wa tsohon shugaba Truman kati na farko. An yi haka ne domin kasuwa ta kasa: wanda ya yi ritaya ba shi da kamfani, masu inshora kuma ba sa son tsoho. Yau kusan duk wanda ya cika 65 yana shiga, kuma babu jam'iyyar da ke da ƙarfin halin cewa za ta soke shirin. Idan asusun gwamnati ya dace da mai shekara 65, Malam bai gaya mana abin da ya sa zai zama bala'i ga mai 55 ba.

To, mu dawo gida, inda shawararsa ta nufa. Ai mun riga mun gwada. Dokar inshorar lafiya ta Najeriya ta fito a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005 zamanin Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara: a takarda, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba 5, kamfanonin da ake kira HMO su tsaya a tsakiya. Bayan shekara kusan ashirin, waɗanda ke da inshora ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita. Ba abin mamaki ba ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da takardar albashi. Manomi a Dawanau ko Giwa, mai facin taya, mai ƙosai, ɗan acaɓa, ɗan dako a Kantin Kwari, wane kamfani ne zai yi musu rajista? Hanyar da ta bar mutum miliyan 26 a waje a ƙasar da yawancin mutane ke karɓar albashi, a nan kusan kowa za ta bari.

Ko wanda ya samu shiga, tsarin bai san gidan Bahaushe ba. Ƙa'idar ita ce ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka duba magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara zaune gaban fom da biro a hannu, yana tunanin sunan wa zai rubuta, na wa zai bari, ko kuma ya nemo kuɗin ƙarin rajista. Mahaifiyarsa da ke ɗakin tsakar gida, wadda ita ce mai hawan jini, ba ta cikin lissafi. Marayun ƙaninsa da yake riƙo ba sa ciki. Shekara da shekaru kuma kukan 'yan fansho shi ne, da ka ajiye aiki katin ya daina amfani, a daidai shekarun da ciwo ke sallama. Na ga yadda ake zaunar da mai kati a benci ana cewa a jira lambar izini daga HMO, har la'asar ta yi, a ƙarshe a rubuta masa magani a ce babu a nan, ya je waje ya saya. Wannan ƙaramin hoto ne na abin da Ba'amurke ke fama da shi, kuma shi ake ce mana mu faɗaɗa.

Na san abin da Malam zai ce, domin ya riga ya faɗa: wa zai damƙa wa gwamnatin Najeriya asusu ɗaya ya yi barci? Tsoronsa yana kan hanya, ni ma ina da shi. Ghana ta kafa nata shirin a 2003 zamanin John Kufuor, ta ɗora shi kan ƙarin harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye, yadda mai talla da ma'aikacin banki duk suna zubawa kuma duk suna da damar yin kati. Sun sha fama da jinkirin biyan asibitoci, wani lokaci na watanni da yawa. Nijar ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa tun wajen 2006, ita ma bashin da gwamnati ta ƙi biya kan lokaci ya gurgunta asibitoci. Duk da haka kason 'yan Ghana da ke da inshora ya ninka namu sau da yawa. Darasin da ke nan shi ne a tsare asusun, a biya kan lokaci, a wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita. Rashin amana ciwo ne da ake yaƙa da bincike da hukunci. Ba a magance shi da cewa mai albashi ya tsira, saura su yi ta kansu.

Kuma tubalin yana ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihohi irin su Kano sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya nasu. Abin da ya rage shi ne kuɗi da gaskiya. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma har yau kasafin tarayya bai kai ko kusa ba.

Don haka kirana ga Malam, da 'yan majalisarmu na tarayya da na jihohi, da shugabannin ƙwadago da ke ganin sun tsira tunda nasu katin yana aiki: kamfani da gwamnati su ci gaba da zuba kasonsu, amma a zuba shi a asusun da ya haɗa ma'aikaci da manomi da mai talla, a cika shi da haraji, a sa ido a kansa. Katin ya zama na mutum ne saboda shi ɗan ƙasa ne, ya bi shi ko yana da aiki ko an sallame shi, ko yana da shekara 30 ko 70. Ku nemi wannan daga duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku kuma tambaye shi daga ina zai samo kuɗin.